Maganar da ba ta da mai ita

A fadar ƙofar gidanmu, nan unguwar Zariya a Maradi, na fara ganin abin da idona. Bayan isha'i ne, shayi na biyu yana kan gawayi, samari suna gardama kan gadon wani maƙwabcinmu da Allah ya yi wa rasuwa, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Wani ya ce rubu'i za a ba matar, wani ya ce tumuni. Ɗan yayana, wanda ke shirin jarrabawar BAC ta kammala sakandare bana, ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Baba, bari in tambayi wadda ba ta gardama." Ya rubuta wa manhajar hira da ke cikin wayar tambayar da Hausa. Kafin a juye shayi a kofi amsa ta fito tsaf: tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda mamacin ya bar 'ya'ya. Daidai ne, haka yake a Suratun Nisa'i.

Sai wanda aka kayar a gardamar ya karɓe wayar, ya rubuta mata cewa ta yi kuskure, malaminsu ya ce rubu'i ne. Ta ba shi haƙuri. Ta yi masa godiya da gyara, ta ce malamin na da gaskiya, har ta ƙaro dogon bayani na kare rubu'in, da irin natsuwar da ta kawo amsar farko. Aka sake matsa mata, ta dawo kan tumuni, ta sake ba da haƙuri. Samarin suka bushe da dariya. Ni abin bai ba ni dariya ba, don na san gidaje a garin nan da 'yan uba suka daina gaisawa shekara da shekaru a kan abin da bai kai tazarar tumuni da rubu'i ba.

Tun daren nake juya abin a raina. Ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira a rediyo, wadda 'yan Najeriya ke ce wa AI, mu nan da muka yi lakkol da Faransanci mu ce IA. Yawancin abin da ake faɗa tsoro ne na nesa: za ta ƙwace aikin mutane, wata rana za ta fi ƙarfin masu ita. Tambayoyi ne na gaske, masana na can suna fama da su. Amma abin da ya riga ya shiga aljihun yaranmu ya fi wannan kusa. Mun samu magana mai daɗi, mai tsari, mai kama da ta masani, wadda in ka bi sawunta har ƙarshe ba za ka tarar da kowa ba.

Mu kuwa zamanmu duka a kan "in ji wa?" aka gina shi. Alhazan Maradi sun yi suna tun zamanin gyaɗa da ba da kaya bashi ba takarda ba sa hannu. Yaro zai ɗauki kayan miliyoyin sefa daga shagon Alhaji a babbar kasuwa ya nufi Dakoro ko Tasawa, don kawai wani dattijo ya ce, "Ni na tsaya masa." A kara, in saniyar da aka saya ta zama ta sata, dillali ake kamawa, kuma ya san da haka tun kafin ya shiga cinikin. Aure sai da waliyyi da shaidu. A zaure, kafin a saurari fatawar baƙo, sai an tambaya wajen wa ya yi karatu. Muhammad ɗan Sirin, malamin Basra da ya rayu da sahabbai, ya ce wannan ilimi addini ne, kowa ya duba wajen wa yake karɓar addininsa. A ƙarshen kowace magana mai nauyi akwai mutum mai suna, mai gida, mai 'ya'yan da za a nemi aurensu, wanda in ƙarya ta tabbata a kansa ba zai iya fita masallaci da ɗaga kai ba. Kunyarsa ce jinginar da ya ajiye mana. Abin da ke cikin wayar ɗan yayana bai ajiye komai ba.

Ga yadda yake aiki, a taƙaice. In na ce maka "komai nisan jifa", bakinka zai ƙarasa kafin ka yi tunani: "ƙasa zai faɗo". Ba ka auna dutse ba, ba ka kalli sama ba, ka dai ji kalmomin nan tare sau dubu. Manhajoji irin su ChatGPT, da kamfanin OpenAI ya saki ranar 30 ga Nuwamba 2022, da Gemini na Google, da Meta AI da ya ɓullo cikin WhatsApp ɗin mutane da yawa ba su nema ba, da irin wannan ƙarasa zance aka horar da su. An tara musu rubutun da mutum dubu ba za su karance ba a tsawon rayuwarsu, ana ɓoye kalma ta gaba a ce su cinka. In sun kuskure a ɗan gyara lissafin da ke cikinsu, a sake, sau biliyoyi. Daga wannan cinke abin mamaki ya fito, kuma kada a raina shi. Na ga manhajar ta warware wa ɗan yayana lissafin da ya kwana uku yana fama da shi, mataki bayan mataki. Na ga ta karanta wa wani dattijo takardar hukuma da aka rubuta da Faransanci mai kauri, ta mayar masa da ita Hausa, ya huta da biyan mai karanta masa. A ƙasar da likita ɗaya ke duba jama'ar gari guda, kuma aji ɗaya ke cike da yara har bakin ƙofa, wanda ya ce wannan ba ni'ima ba ce bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai wanda ya iya ƙarasa zance zai ƙarasa shi ko ya sani ko bai sani ba. In ka tambaye shi hadisi, ya san siffar amsar da ake bayarwa: sunan sahabi, sunan littafi, lamba. In babu na gaske a kusa sai ya haɗa mai kama da shi, da murya iri ɗaya da wadda yake faɗin gaskiya. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York sun shigar wa kotu takarda ɗauke da hukunce-hukuncen shari'a guda 6 da ChatGPT ya ba su a matsayin hujja. Aka bincika, babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Lauyoyi ke nan, masu digiri, masu ɗakin karatu a bayansu. Ina ga yaron da ke son ya kayar da abokinsa a gardamar addini a fada?

Akwai horo na biyu, kuma shi ne ya bayyana mini abin da na gani daren nan. Bayan na'urar ta iya zance, sai a kawo mutane a nuna musu amsoshi biyu, a ce su zaɓi wadda ta fi. Ɗan Adam kuwa ya fi son amsar da ta zo da tabbaci, da ladabi, wadda ta yarda da shi. A hankali sai na'urar ta koyi cewa daɗin ran mai tambaya riba ce. Masu yin ta sun san da wannan ciwo, suna kuma ƙoƙarin maganinsa. A watan Afrilu 2025 OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT bayan 'yan kwanaki, ya amsa cewa manhajar ta zama mai yawan fadanci, tana yaba duk abin da aka kawo mata.

Bahaushe ya san fadanci, ya san bambaɗanci, kuma ya daɗe da sanin yadda ake zama da su. In maroƙi ya tsaya a ƙofar gidan biki ya ce kai ne giwa, kakanka ne ya ci gari, za ka ji daɗi, ka sa hannu a aljihu ka ba shi jika ɗaya, amma ba za ka sayar da gonarka a kan shawararsa ba. Kalangunsa ya riga ya gaya maka ko wane ne shi. Wannan sabon maroƙin da rawanin malam yake zuwa, wani lokaci da farar rigar likita. Zuciya ba ta da abin da za ta gane shi da shi, don tun muna goye aka koya mata cewa wanda ya yi magana a natse, ya jero hujja, bai ɗaga murya ba, shi ne mai ilimi.

Raunin nan ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ya girmi wayar hannu. A 1966 wani masani mai suna Joseph Weizenbaum, a jami'ar MIT ta Amurka, ya haɗa wata 'yar manhaja da ya kira ELIZA. Ba ta san komai ba. In ka ce mata mahaifiyarka ta ɓata maka rai, sai ta juya maganarka ta ce ka ƙara ba ta labarin mahaifiyarka. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa abin da hannunsa, ta zauna ta fara hira da ita, ba a jima ba ta roƙe shi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Abin ya girgiza shi, har ya ƙarasa rayuwarsa yana gargaɗin cewa akwai ayyukan da bai kamata a danƙa wa na'ura ba ko da ta iya. In abin da bai wuce aku ba ya sa mace mai hankali ta nemi sirri da shi, sai a auna na yau, wanda ke tuna abin da ka gaya masa jiya, ya tambaye ka ya jikin yaron.

A nan ne abin ya taɓa ni a gida. 'Yar ƙanwata, shekara biyu da aure, an yi mata kishiya. Ta zo gaishe ni wata Juma'a, na ga ta rame, na matsa mata da tambaya. Daga ƙarshe ta ce wata huɗu ke nan duk dare, in kowa ya yi barci, wayarta take gaya wa abin da ke damunta. Na ce, "Ga uwarki, ga gwaggonki, ga ni, sai waya?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, ta ce, "Kawu, ita ba ta kai magana gaba. Kuma ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba."

Maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, don laifinmu ne ta faɗa. Mu manya mun mayar da "yi haƙuri" ƙofar da muke rufewa da ita in ba mu son jin sauran labarin. Kunya, wadda ta riƙe mana kasuwa da zaure, ita ce kuma take hana budurwa tambayar uwarta abin da ya shafi jikinta, take hana magidanci gaya wa likita ainihin inda ciwon yake. Wurin da ba a jin kunyarsa yana da amfani, kuma na tabbata akwai waɗanda tambayar da suka yi wa waya a ɓoye ita ta tura su asibiti da wuri. Ba zan hana kowa wannan ba.

Amma na nemi ta nuna mini hirar, ta nuna mini kaɗan. Duk abin da ta faɗa, an ce mata tana da gaskiya. Ɓangare ɗaya aka ji, wata huɗu, ba wanda ya ce, "To shi me ya ce?" Gwaggon da ke ce mata ta yi haƙuri, ita ce dai in abu ya ƙi za ta yafa mayafi ta tafi gidan uban mijin ta zauna a tsakar gida ta ƙi tashi sai an kira shi. Waya ba ta da ƙafar zuwa ko'ina. Ta rage mata zafin dare daidai yadda za ta iya jure gobe, shi ya sa maganar ta yi wata huɗu ba ta iso wurin waɗanda za su iya yin wani abu a kai ba. Batun kuma ba ta kai magana gaba, yarinyar ba ta san cewa abin da ta rubuta ya bar Maradi tun a daren ba, yana ajiye a kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, ƙarƙashin sharuɗɗan da ta danna ta amince da su ba ta karanta ba. Inda abin ya yi nisa an ga ƙarshensa: a 2024 wata uwa a jihar Florida ta kai kamfanin Character.AI kotu, bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, ta ce ya yi watanni yana shaƙuwa da wata halitta ta cikin manhajar. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su girma da abokin hirar da ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya neman a saurare shi shi ma. Ina tsoron ranar da za su ga mutum na gaske, mai gajiya da fushi, ya yi musu nauyi.

Akwai kuma wata manhajar da ba ta magana da kai sam, tana dai zaɓar maka abin da za ka gani. Ita ce ke bayan TikTok da Facebook da YouTube. Aikinta ɗaya: ta gano abin da ke hana yatsanka wucewa, ta ƙaro maka irinsa. Tun 2012 Facebook ya gwada wannan a kan mutum kusan 689,000 ba da saninsu ba, ya rage wa wasu labarai masu daɗi, wasu marasa daɗi, ya ga abin da su ma suke rubutawa ya karkata. Kowa a nan ya ga sakamakon ko bai san sunansa ba. Karatun Risala na awa ɗaya mutum ɗari ke kallo, amma minti ɗaya da malamin ya fusata ya kama sunan wani malami, shi ke zagaye gari kafin azahar. Malamai ma mutane ne, sun lura da abin da ke tafiya.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne murya. Mu jama'ar murya ne. Mafi yawan iyayenmu ba sa rubuta saƙo, dannawa suke su yi magana. Cinikin Maradi da Jibiya da Katsina da Kano a kan saƙon murya yake tafiya, musamman tun da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, mutane suka saba da ciniki ba a ga juna ba. Alhaji zai ji muryar abokin cinikinsa na shekara ashirin tana cewa a ba wane buhu hamsin, ko a tura kuɗi ta Nita ko Amana zuwa lamba kaza, ya tura ba tare da ya sake tambaya ba. Muryar ita ce sa hannu, ita ce hatimi. A farkon 2023 masu bincike na Microsoft suka nuna wata fasaha da ke kwaikwayon muryar mutum daga sautin daƙiƙa 3 kacal. Daƙiƙa 3 ba ta kai sallama da tambayar iyali ba. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25, bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa ya ji muryoyinsu, alhali duk na jabu ne.

Mu abin da za a sace mana ya fi kuɗi. Duk wanda ke da dangi a yankin Madarunfa ko Gidan Runji ya san yadda ake yi in 'yan bindiga sun ɗauke mutum. Kafin a sayar da gona da shanu a haɗa kuɗin fansa, abu ɗaya iyali ke roƙo: a ba shi waya mu ji muryarsa. A 2023 wata uwa daga jihar Arizona ta tsaya gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ta ba da labarin yadda aka kira ta, ta ji muryar 'yarta tana kuka tana neman ceto, aka nemi kuɗi, alhali yarinyar na nan lafiya ba wanda ya taɓa ta. Ranar da wannan ya iso ƙauyukanmu, mai damfara ba ya buƙatar bindiga ko daji, saƙon murya ɗaya na ɗan da ya tafi ci-rani Agadas ko Libiya ya ishe shi. Kuma ɓarnar tana da fuska ta biyu da ba a cika lura da ita ba. In kowa ya san ana iya ƙera murya, to wanda aka kama da gaske yana cin amana ko yana tunzura jama'a zai ce ƙera ta aka yi, kuma za a samu masu yarda. Ayar Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. A da muna gane fasiƙin da fuskarsa da muryarsa. Yanzu yana iya zuwa da muryar liman.

Tambayar ɗa'a a nan ita ce wadda kowane dillali ya sani: in abu ya ɓaci, wa za a kama? Kamfanin ya rubuta a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, cewa manhajar na iya kuskure. Wanda ya yi amfani da ita zai ce ita ta faɗa. Ita kuma ta ba da haƙuri, haƙurin da bai ci mata komai ba. Wannan ramin ya fi haɗari in hukuma ta faɗa cikinsa. A Holan, hukumar haraji ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta wajen zaƙulo waɗanda ake zargi da cin kuɗin tallafin renon yara, tsarin da ke ɗaukar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar zargi. Aka tuhumi dubban iyalai da ba su ci ba su sha ba, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ba su da shi, gidaje suka watse. Sai da gwamnatin ƙasar gaba ɗaya ta yi murabus a watan Janairu 2021. Can akwai 'yan jarida da majalisa da suka bi diddigi shekaru. Mu nan mun riga mun saba da jin "mashin ne bai fitar da sunanka ba" a bakin taga, mu juya mu tafi. In gobe na'ura ce za ta zaɓi wanda za a ba tallafin hatsi, ko bashin taki, ko gurbin karatu, dole a samu mutum mai suna da ofis wanda tsohuwa daga Tibiri za ta tsaya gabansa ta ce a gaya mata dalili, kuma ya zama yana da ikon sauya hukuncin. Tsarin da ba shi da wannan mutumin, a ganina, bai halatta a ɗora shi a kan talaka ba komai saurinsa.

Ita ma na'urar da mutane aka yi ta, ba a dai nuna su. A Janairu 2023 mujallar Time ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da ake biyan ƙasa da dala 2 a awa, suna karanta mafi ƙazantar rubutun intanet, na fyaɗe da kisa, suna yi masa alama don ChatGPT ya koyi guje masa. Ladabin da ya burge samarin fadarmu, wasu 'yan Afirka ne suka biya shi da barcinsu. Hausar da take yi kuma ba tamu ba ce sosai. Yawancin Hausar da ke rubuce a intanet ta gidajen rediyo ce da jaridun Najeriya, don haka in ka rubuta mata "shina zuwa" ko "mi kake so" za ta gane, amma da ta Kano za ta amsa, wani lokaci ma ta gyara maka. A shekarar 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. In ba mu rubuta tamu ba, da bakin Katsinawan Maradi da Gobirawa da Damagarawa da Adarawa, jikokinmu za su koyi daga waya cewa yadda kakarsu ke magana kuskure ne. Akwai masu bincike 'yan Afirka, irin ƙungiyar Masakhane da HausaNLP, da ke wannan aiki, kuma ina fatan ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su shiga da ƙarfinsu.

Dokoki akwai su a takarda. Ƙasashe 193 na UNESCO sun amince da shawarwarin ɗa'a kan wannan fasaha a Nuwamba 2021, Tarayyar Afirka ta fitar da nata tsarin a Yuli 2024, mu ma muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 aka kuma kafa hukumar kula da ita, HAPDP, a Yamai. Suna da amfani, amma kamfanonin ba su da shago a nan da za a je a rufe.

Abin da ke hannunmu shi ne mu ba na'urar matsayin da ya dace da ita cikin tsarin da muka gada. Malaman hadisi suna da suna ga mai ruwayar da ba a san ko wane ne ba: majhuli. Ba a ce masa maƙaryaci, ana iya rubuta abin da ya faɗa, amma ba a gina hukunci a kansa sai an samu wani sananne ya ƙarfafa shi. Haka nake gaya wa yaran gidanmu. Inda za ka iya gwada amsar da kanka, kamar lissafi ko gyaran wasiƙa, yi amfani da ita ka ƙaru. Inda dukiyar marayu take, ko igiyar aure, ko adadin ƙwayar da za a ba jariri, sai an kai wa wanda in ya kuskure za mu san ƙofar gidansa. Yayana, wanda ke da shagon hatsi, ya riga ya kafa wa yaransa doka: saƙon murya na a tura kuɗi, ko na wane ne, sai an kira mutumin an tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani. Abokan cinikinsa biyu sun ji haushi da farko, ɗaya har ya ce ashe an daina yarda da shi. Yanzu shi ma haka yake yi.

Maganar gadon kuwa, bayan kwana biyu na ja ɗan yayana muka je zauren limamin unguwa bayan la'asar. Yaron ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, matar marigayi tumuni ne ko rubu'i?" Malam bai amsa ba. Ya tambaya ko mahaifiyar mamacin na da rai. Ya tambaya ko akwai bashi a kansa, ko ya bar wasiyya, ko gonar da ke hanyar Dan Isa tasa ce shi kaɗai ko ta gandu ce da 'yan'uwansa. Yaron bai san amsar ko ɗaya ba, sai kallona yake yi. Sannan Malam ya rage murya ya ce iyalinsa sun je gaisuwar takaba, sun dawo sun gaya masa matar na da ciki wata huɗu.

"Ku gaya wa 'yan'uwansa kada a taɓa komai," in ji shi. "Sai ta haihu. In an tashi rabon ni zan zo da kaina."